Tattalin Ido

Tun ranar da likitan ido a Gusau ya gaya wa Malam Sahabi sunan ciwonsa, wato hawan jinin ido, bai sake buɗe littafi ba. Likitan ya yi masa bayani a natse. Abin da ya riga ya tafi na gani ba zai dawo ba, wanda ya rage kuwa za a yi ta lallaɓa shi da maganin ɗigawa safe da yamma, zuwa inda Allah Ya nufa. Malam Sahabi ya saurara, ya yi godiya, ya karɓi 'yar kwalbarsa, ya shiga mota ya koma Bungudu. A hanya ne ya yanke wa kansa wani hukunci wanda likita bai faɗa ba. Ya ce a ransa, gani kamar hatsin rumbu ne a shekarar da damina ta yi gardama, wanda ya san babu wani girbi a gaba ai ba ya ɗiba da babban kwano.

Sai ya shiga tattali. Mutumin da ya ƙare ƙarfinsa yana koyar da Hausa a makarantar firamare, wanda ko takardar da aka ƙunso masa ƙosai a ciki sai ya warware ta ya karanta kafin ya yar, sai ga shi yana zama a zaure ido rufe tun hantsi har azahar. In maƙwabci ya yi sallama ya amsa, ya ɗan buɗe ido ya tabbatar da mai muryar, ya mayar ya rufe. Har wasu suka fara cewa Malam ya kama wuridi. Matarsa Luba kaɗai ta san ba wuridi ba ne.

Wata rana ta kawo masa kunu ta tsaya a kansa. Ta ce, "Malam, wanga zama fa? Mutum da ransa da lafiyarsa ya koma kamar kaza mai kwanci?"

"Ajiya nike, Luba."

"Ajiyar mi?"

"Ido. Ɗan abin da ya rage ba ni son ya ƙare ga kallon bango da awakinki. Akwai karatu guda da zan yi da shi, na ƙarshe. Ban dai san wanne ba tukuna."

"Awakina dai ba su ci maka komai ba," in ji ta, ta ajiye kwanon ta koma ciki.

Abin da ke cin sa ke nan. Shekara da shekaru yana jinkirta littattafai, yana cewa sai ya ajiye aiki ya samu sarari. Ga sararin ya samu, ga fitilar tana ja da baya. In ya kashe sauran ganinsa a kan littafin da bai cancanta ba, babu inda zai je ya ranto wani.

Autarsu Zahra'u, wadda ke aure a Tsafe tana kuma aikin jinya a can, ta daɗe tana naci a waya ya zo ya kwana biyu. Ya ga hanya ɗaya ce, dole ta Gusau za a bi. Ya shirya ya tafi, da niyyar ya tsaya shagon Alhaji Manu, abokinsa tun suna kwalejin horon malamai, wanda ya bar alli tuntuni ya kama sayar da littattafai.

Shagon ɗan tsukuku ne, mutum biyu in suka shiga sai ɗaya ya karkace. Manyan littattafan addini masu ruwan zinariya a gadon baya suna can sama sun yi sahu. Na makaranta suna tsakiya. Ƙananan kuwa an rataye su a igiya da abin shanya, iska tana kaɗa su.

Manu na ganinsa ya tafa hannu. "Kai, Sahabi! Ashe kana duniya? Na ce ko jiran fansho ya gama da kai."

"Ina nan, ɓarawon ɗalibai. Kai ne dai ka ƙi mutuwa don kada a raba shago."

Suka yi dariya, suka gaisa, aka tambayi iyali. Da Malam Sahabi ya zauna ya faɗi abin da ya kawo shi, dariyar ta ɗauke daga fuskar Manu. Ya yi masa addu'a, sannan ya tashi ya taka benci ya fara sauko da kaya daga sama. Ya jera masa littafin hukunce-hukuncen ibada mai sharhi, da na gyaran zuciya, da na tarihin magabata.

Ya ce, "Ga su nan. Ni dai in ni ne, ba ni da wata shawara. Matafiyi guzuri yake nema. Wanga na tsakiya, mawallafin ya faɗi malamansa, ya faɗi inda ya ciro kowace magana, ba irin na yaran yanzu ba da ke kwana ɗaya su wayi gari da littafi."

Malam Sahabi ya shafa bangon, ya buɗe tsakiya kamar yadda ya saba, don ya daɗe yana gaya wa ɗalibansa cewa gabatarwa kwalliyar amarya ce, a tsakiya ake sanin halin littafi. Ya leƙa layi biyu ya yi maza ya rufe ido, kamar wanda ya ɗanɗana miyar da ba tasa ba. Rubutun ƙanana ne, shafukan kuma da yawa. Ko rabi ba zai kai ba, a lissafinsa. A gefe kuma ga wani littafin nazarin harshe da ya daɗe yana kwaɗayi, shi ma yana kallonsa.

"Ban iya yankewa yau, Manu. Bari in dawo daga Tsafe. Amma kana da wani abu a kan ciwon nan?"

Manu ya ciro guda biyu daga igiya. Na farko bangonsa na ƙyalli, an rubuta da ja cewa yana warkar da dukkan ciwon ido da kayan da ke cikin madafa.

"Wa ya rubuta?"

Manu ya juya gaba ya juya baya. "Babu suna. Lambar waya dai aka sa. Amma shi anka fi saye."

"Mayar da shi. Wanda ya ɓoye sunansa ya san abin da ya dafa. Ɗayan fa?"

Ɗayan siriri ne, bangonsa fari ba ado. Wata likitar ido ce ta rubuta shi da Hausa, ga sunanta, ga shekarar bugu ba ta yi nisa ba. Manu ya karanta layin farko, inda ta ce littafin ba ya maye gurbin zuwa asibiti.

"Wannan ta san iyakarta," in ji Malam Sahabi. Ya sa shi a aljihun rigarsa, ba don zai karanta ba, don dai ya kai wa Auta ta duba.

A motar Tsafe ya zauna jikin taga ido rufe. Da ya ji direba ya rage gudu, wata mata a baya tana cewa a sauke ta Kwatarkwashi, sai idon ya buɗe da kansa. Dutsen nan da ya saba gani ɗungurungum ya cika sama, yau sai ya gan shi kamar mai leƙe ta kafar ƙofa. Sai da ya riƙa juya kai a hankali yana tattara shi gutsure-gutsure, nan ƙololuwa, nan wata tsaga mai duhu, nan 'yan itatuwa da suka maƙale a kafaɗarsa. Zuciyarsa ta yi wani irin sanyi mai daɗi. Motar na wucewa kuma ya ji haushin kansa, kamar mai azumin da ya manta ya kurɓi ruwa.

Zahra'u ta tarbe shi da murna. Bayan la'asar ta shimfiɗa masa tabarma a tsakar gida, ta zauna gefe tana tsince shinkafa. Ba ta jima ba ta ajiye tiren.

"Baba, Inna ta gaya mani abin da kake yi. Wai rufe ido kake kana ajiya."

"Innarki ba ta da sirri."

"Baba, ba haka ciwon yake ba. Karatu ba ya ƙara shi."

Ya yi murmushi. "Auta, ke ɗiya ce. Ko wuta na kama kina iya ce mani sanyi ne don hankalina ya kwanta."

"To ai aikina ne."

"Aikinki allura da awon ciki. Ido wani gari ne."

Ta yi dariya, ba ta ji haushi ba, don ta san mahaifinta. Maganar baki ba ta cika kama shi ba sai ya gan ta a rubuce. Da ya ciro ɗan littafin ya miƙa mata, ta duba sunan marubuciyar, ta gyaɗa kai, ta yi ta buɗawa har ta kai wani babi na tambayoyin da marasa lafiya suka fi yi.

"Rufe idonka, tunda abin da kake so ke nan. Ni zan karanta."

Ta karanta a hankali. Marubuciyar ta ce mutane da yawa suna daina karatu da ɗinki don tsoron kada idon ya ƙare, alhali amfani da ido ba shi ke cinye shi ba. Abin da ke rage gudun ciwon shi ne ɗiga magani a kan lokaci da komawa awo. Wanda ya rufe idonsa bai adana komai ba, ya dai hana kansa abin da yake da shi yau.

Zahra'u ta ɗaga kai. "Ka ji, Baba?"

"Na ji."

Ya koma kan lissafin da ya yi wa ganinsa. Ashe ba rumbu ba ne. Tulu ne mai tsaga, ka sha ko kada ka sha, ƙasa na shan rabonta. Ya tuna hantsin nan duka da ya zauna cikin duhun da ya ƙirƙira wa kansa, ga rana a waje tana ta zuba a banza. Bai yi kuka ba, amma sai da ya gyara zama.

Can kuma wani abu daban ya faɗo masa. Tun da ya iya haɗa baƙi, ba a taɓa karanta masa littafi ba, shi ke karanta wa mutane. Yanzu ga shi an karanta masa shafi guda ido rufe, kuma babu kalmar da ta zube a hanya. Ya ce na ji, kuma da gaske ya ji. Ya riƙa juya kalmar a bakinsa. Bahaushe yana jin magana, yana jin ƙanshi, yana jin gishiri a miya, yana jin zafin ƙaya, yana jin Larabci, yana jin tausayi. Duk ya tara su a buhu guda. Gani kaɗai ya ware ya ba shi ƙofarsa daban. Ya koyar da wannan a aji ba sau ɗaya ba, yara suna dariya in ya ce su ji warin allo, amma bai taɓa zaton wata rana zai zama shawara gare shi ba.

"Auta."

"Na'am, Baba."

"Akwai hoton idon a ciki?"

Ta buɗe masa. Ya kawo shafin kusa, ya bi zanen da yatsa, tana nuna masa inda ruwa ke taruwa da jijiyar da ke shan wahala. Wannan kam sai da ya duba da kansa.

Da ya kwana biyu ya kamo hanya, ya sake tsayawa shagon Manu. Littattafan nan suna nan a jere inda aka bar su.

"To, angon karatu, ka yanke?"

"Zauna, Manu. Jarrabawa za mu yi. Ɗauki kowanne ka buɗe tsakiya ka karanta mani. Ni zan rufe ido."

"Yau kuma ni ne ɗalibin?"

"Da ma ban taɓa ganin ka wuce haka ba."

Manu ya ɗauki na gyaran zuciya ya karanta wani wuri a kan haƙuri, yana fassarawa. Malam Sahabi ya ce, "Ya shiga. Ajiye shi dama." Aka karanta na hukunce-hukunce, ya shiga. Aka karanta na nazarin harshe, Manu yana tuntuɓe a kan kalmomin masana, shi ma dai ya shiga. Tarin dama ya yi tsawo, hagu babu komai.

Manu ya ce, "To ka gani, duk sun ci. Wace irin jarrabawa ce wadda ba a faɗuwa?"

"Wanda ya faɗi nike nema. Duk shagon nan, babu littafin da ba ka iya karanta mani?"

Manu ya sosa gemu. Ya duba sama, ya duba ƙasa. Sannan ya durƙusa yana nishi, ya janye wani kwali, ya zaro wani faffaɗan littafi da ƙura ta yi wa riga. Ya ce wani malamin zane ne ya yi yawo garuruwa yana ɗaukar hotunan aikin hannu, adon bangon gidaje, da aikin wuyan riga, da sassaƙar ƙwarya, da zayyanar allo. Tun da ya sayo shi babu wanda ya taɓa ko tambaya.

"Karanta mani."

Manu ya buɗe tsakiya. Ya yi gyaran murya. "To. Ga wani abu nan kamar igiya. Ta taho, ta shiga ƙarƙashin wata, ta fito, ta... a'a, ba igiya biyu ba ce, guda ce. Ta koma ta harɗe kanta. Gefe kuma ga wani kamar ƙahon rago. Ko ƙadangare ne? Launin kuma ja ne, amma ba ja ba, kamar dai goron da anka tauna aka bari ya sha iska." Ya ɗago a fusace. "Kai, Sahabi, wanga ai ba ya karantuwa!"

Malam Sahabi ya buɗe ido yana dariya har da tari. "Miƙo shi. Shi ne nawa."

Manu bai miƙa ba. Ya riƙe littafin a ƙirji, fuskarsa babu wasa. "Tsaya. Ni da kai ba yara ba ne. Mutum ya ga magariba ta doso, ya bar littafin Allah da Annabi ya ɗauki zanen ƙwarya? In ka tashi gobe kiyama da mi za ka amsa? Ba don ciniki nike faɗi ba, ka sani."

"Na sani, Manu. Don haka nike zuwa wurinka ba wurin wani ba." Ya ɗora hannu a kan tarin dama. "Waɗannan ban bar su ba. Amma ka tuna yadda munka same su tun farko. Gaban malam munka durƙusa, ya faɗa munka ji. Kakanninmu da yawa da kunne sunka ɗauki addininsu, kuma sun fi mu riƙe shi. Waɗannan za su jira ni, ko cikin duhu suna iya samuna. Wancan kuwa in ban gan shi yanzu ba, ko kai da bakinka mai kamar rediyo ba ka iya kawo mani shi. Allah Ya ba ni ido shekaru masu yawa, na ƙare shi a kan baƙaƙe. Ina son in kalli wani abu kafin in mayar da amana, in ce na gode."

Manu ya dubi littafin da ke ƙirjinsa. Daga bisani ya sa hannun riga ya goge ƙurar, ya miƙa masa. Ya ɗauko na gyaran zuciya ya ɗora a kai.

"Wanga kuma wa zai riƙa biya maka shi? Ni dai ba ni zuwa Bungudu kullum."

Tambayar ta taɓa wa Malam Sahabi wurin da ke ciwo. Ya san mutum ɗaya. Luba ta daɗe tana zuwa Islamiyyar matan aure, tana karatu a hankali, tana bin layi da yatsa. Amma wanda ya saba tsayawa gaban allo, zama a ƙasa yana saurare ba ƙaramin abu ba ne gare shi. Da wannan tunanin ya shiga mota.

Ya isa gida rana ta karkata amma da sauran haske. Bai tsaya zaure ba, ya wuce tsakar gida. Luba na bakin murhu. Bayan ta yi masa sannu da zuwa ta tambayi Auta, sai ya miƙa mata littafin gyaran zuciyar.

"Wanga naki ne. Wato nawa ne, amma a bakinki yake."

Ta goge hannu ta karɓa, ta duba shi, ta dube shi. "Malam, ni? Karatuna ai tafiyar hawainiya ce. Kuma na san ka, kowace kalma sai ka tsayar da ni."

"Zan tsayar da ke, ba ni musu. Ke ma in na yi gyangyaɗi ki tsayar da ni."

Ta yi 'yar dariya, ta kai littafin ɗaki ta ɗora a kan akwati inda hayaƙi ba ya kaiwa. Da ta fito ta tarar ya ja tabarma zuwa inda rana ta rage a jikin katanga, ya buɗe littafin hotunan a kan cinyarsa. Shafin hoton wata ƙofar soro ce, an kewaye ta da ado mai harɗe-harɗe. Idonsa ba ya ɗaukar shafin gaba ɗaya, don haka ya sa yatsa a kan zare guda yana bin sa, kansa na tafiya tare da yatsan, ya shiga ƙarƙashi, ya fito, ya zagaya.

"Malam, tuwo zai huce."

"Rufe shi, Luba. Wanda ya yi wanga aiki ya ɓoye inda ya fara, kuma sai na gano."

Ta rufe kwanon da faifai, ta zo ta tsuguna gefensa, ta matsar da inuwarta daga kan shafin.